Motar Da Ba Ta Da Direba, Garin Da Ba Shi Da Inuwa

Idan jirgi ya fara sauka a Finiks, babban birnin jihar Arizona, abin da ke shimfiɗe a ƙasa ya yi kama da hatimin da malami ya zana a allo: layuka a miƙe gabas da yamma, wasu sun ratsa su kudu da arewa, tsakanin kowane babban titi da ɗan'uwansa mil guda cif. Gari ne da aka dasa a tsakiyar hamadar Sonora, na biyar a yawan jama'a a Amurka, kuma idan aka haɗa da garuruwan da suka manne masa, irin su Tempe da Mesa da Chandler, mutanen sun kai kimanin miliyan 5. Ƙanƙara ba ta rufe masa hanya, ruwan sama sai jefi-jefi, ƙasa a baje, tituna masu faɗi. Duk mai son koya wa na'ura tuƙi ba zai sami makarantar da ta fi wannan sauƙi ba. A 2015 gwamnan jihar na lokacin, Doug Ducey, ya sa hannu a kan umarnin da ya buɗe wa kamfanoni ƙofar gwajin motoci marasa direba, suka kuwa yi ta kwararowa. A Oktoban 2020 kamfanin Waymo, wanda ya faro a 2009 a matsayin wani sashe na Google, ya fara ɗaukar duk mai buƙata a yankin Chandler ba tare da kowa a kujerar direba ba.

Ɗan yayata, wanda ke aiki a ɗaya daga cikin masana'antun ƙananan kayan kwamfuta na Chandler, shi ya tarye ni, kuma da gangan ya bar motarsa a gida. "Kawu, yau ba ni zan kai ka ba," in ji shi, yana ta latsa waya. Can sai ga wata farar Jaguar mai amfani da lantarki ta gangaro, da wani abu a bisa rufinta yana juyawa ba tsayawa, haruffan farko na sunansa suna haskawa a jikinsa. Wannan abin shi ke harba hasken leza ko'ina yana auna tazarar duk abin da ke kewaye, ga kyamarori, ga rada, ga kuma taswirar garin da aka riga aka ɗura mata har da tsayin bakin kwalta. Ya sake latsa waya, mariƙan ƙofa suka fito. Muka zauna a baya, wata murya ta ce a ɗaura bel, ya taɓa allon da ke gabanmu, sitiyari ya juya da kansa.

Na yi bismilla fiye da yadda na saba. Amma tsoron bai daɗe ba, domin tuƙin nata ba abin da zai tayar da hankali a cikinsa. Tana tsayawa cak inda aka ce a tsaya, tana ba mai keke fili, ba ta tsere da fitilar danja idan ta kusa komawa ja. A allon kana ganin abin da take gani: motoci sun zama ƙananan akwatuna, mutane ɗige-ɗige, har da wanda wata babbar mota ta kare mana shi, ni ban gan shi ba ita ta gan shi. A lokacin ba a fara barin su ɗauki fasinja a manyan hanyoyin gudu ba, sai muka bi ta cikin gari, danja bayan danja. Kafin mu kai rabin hanya na koma tambayarsa labarin jaririyar da aka haifa masa.

A kan maganar tuƙi ba ni da ja. Kimanin mutum dubu 40 ke mutuwa a hanyoyin Amurka duk shekara, a duniya kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce miliyan 1.19. Akasari gudu ne, da giya, da waya, da gyangyaɗi, da zafin kai, kuma ko ɗaya wannan motar ba ta da shi. A ƙarshen 2024 kamfanin inshora na Swiss Re ya duba tafiyar mil miliyan 25.3 da motocin Waymo suka yi, ya ga neman diyyar rauni ya yi ƙasa da kashi 92 cikin 100 idan aka gwada da tuƙin mutane. Da hannun Waymo a binciken, wannan a ajiye shi a zuciya, kuma a garuruwan da suka zaɓa da kansu aka yi tafiyar. Duk da haka, wanda ya taɓa zaman makokin wanda mota ta kashe ba zai raina ko rabin wannan adadi ba.

Wadda ta fi kowa yaba motar a gidan ita ce Yaya, wadda ta je zaman jego ta tarar da kanta a kulle. Unguwar tasu gidaje ne zalla, ba shago, ba mai kayan miya, ba maƙwabciyar da za a leƙa, ɗan da surukar kuma kowa da aikinsa. Ita ba ta tuƙi. Sai da aka sa mata manhajar a waya ta fara zuwa Juma'a a masallacin Tempe, mai ƙubba ruwan zinariya, wanda ke dab da Jami'ar Jihar Arizona. "Auta, ni fa ta fi min," ta ce da ni. "Ba baƙon namijin da zai dinga leƙena ta madubi, ba mai tambayata daga ina nake. In na ga dama in yi lazimina da ƙarfi." Makafi da tsofaffin da aka karɓe wa lasisi su ma abin da suke faɗa ke nan, kuma magana ce mai nauyi. Sai dai ni abin da ya tsaya mini shi ne dalilin kullen tun farko. Mace mai ƙafafu lafiyayyu ta kasa sayen albasa sai ta kira mota mai nauyin tan biyu da ɗoriya.

Washegari da la'asar na ce zan taka zuwa kantin da ake hangowa daga bakin unguwa. Titin da ke tsakani layi bakwai ne, wurin tsallakawa kuma yana can nesa, sai ka yi tafiya mai tsawo ka tsallaka sannan ka dawo. Babu bishiyar kirki a hanya. A tashar bas na ga mutum uku, mace ɗaya da rigar aikin asibiti, sun jera ɗaya bayan ɗaya a cikin siririyar inuwar turken lantarki, suna ɗan matsawa kamar yadda inuwar ke matsawa. Bencin ƙarfen da aka kafa musu ba mai iya ɗora hannu a kai. A 2023 garin ya yi kwana 31 a jere zafi yana kaiwa digiri 43 ko fiye, kuma a shekarar gundumar Maricopa ta ƙirga mutum 645 da zafi ya yi ajalinsu, da yawansu marasa matsuguni. Ina tsaye sai ga farar motar nan ta wuce su a hankali, cikin ladabi, babu kowa a ciki. Kuɗin shigarta ya ninka na bas sau da yawa, shi ya sa ba su kira ta ba.

Kantin kansa yana can ƙarshen wani fili na kwalta da ya fi shi girma. Marigayi Donald Shoup, malamin tsara birane a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, ya ƙarar da rayuwarsa yana faɗa da irin waɗannan filaye. Ya nuna cewa mota tana shafe kusan kashi 95 cikin 100 na rayuwarta a ajiye, kuma dokokin biranen Amurka ne ke tilasta wa mai gina kanti ko gida ya tanadi wurin fakin, sai gine-gine su yi nesa da juna, nisan kuma ya tilasta wa kowa sayen mota. A nan masu goyon bayan mota mara direba suke da hujjarsu mafi ƙarfi: motar da ke sauke wannan ta ɗauki wancan ba ta buƙatar a ajiye ta, don haka filayen za su iya komawa gidaje da lambuna. Za su iya, idan majalisar gari ta sauya doka, idan kuma mutane suka sayar da motocinsu. Ɗan yayata yana shiga Waymo idan zai je filin jirgi, amma motoci biyu ne a garejinsa, kuma da na tambaye shi ko zai rabu da ɗaya dariya kawai ya yi.

Na roƙe shi ya kai ni titin Mill a Tempe, arewa da gadar da ta ratsa tafkin garin. A nan ne, daren 18 ga Maris 2018, motar gwaji ta kamfanin Uber ta kaɗe wata mata mai shekara 49 tana tura kekenta za ta tsallaka, ta zama mai tafiya a ƙasa ta farko da mota mai tuƙa kanta ta kashe. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta gano cewa na'urar ta hango ta daƙiƙa 5.6 kafin karon, amma ta yi ta sauya shawara, yanzu ta ce mota ce, yanzu keke, yanzu wani abu daban, domin ba a koya mata cewa mutum na iya tsallaka titi a inda ba a zana masa ba. Wadda aka ɗora a kujerar direba don sa ido kuma hankalinta yana kan waya. A lokacin akwai wata shimfiɗar bulo a tsakiyar titin mai kama da hanyar ƙafa, da allo a gefe yana hana bin ta. Da na tsaya a wurin ina kallon yadda motoci ke shararawa, sai na ga injiniyan da ya rubuta manhajar da wanda ya zana titin tunaninsu ɗaya: mai ƙafa baƙo ne a nan, ya jira a ba shi izini. Gwamna ya dakatar da gwajin Uber, kamfanin kuma ya sayar da sashen gaba ɗaya a 2020.

San Faransisko, inda na nufa bayan Finiks, wata duniya ce. Mil bakwai ne tsawonta, bakwai faɗinta, ruwa ya kewaye ta ta ɓangare uku, ga tuddai masu tsini, ga hazo mai sanyi da ke shigowa daga teku ko a tsakiyar bazara. Mutum sama da dubu 800 a cushe, gida manne da gida, shago a ƙasa, ɗakuna a sama. A nan fararen motocin sun yi yawan da 'yan gari ba sa ko ɗaga kai, sai baƙi ne ke ɗaukar su bidiyo. Na zauna a wani shagon shayi a unguwar Mission ina kallon mararraba, kuma abin da na lura shi ne da yawa daga cikin waɗanda ke wucewa wayam suke: ta sauke wani tana kan hanyar ɗauko wani, ko tana komawa wurin caji. Kowacce tana cin filin titi daidai da wanda za ta ci da mutum huɗu a ciki.

Garin ya sha wahala kafin a kai nan. A Agustan 2023 hukumar jihar Kalifoniya ta ba Waymo da Cruise, na kamfanin General Motors, izinin karɓar kuɗi dare da rana, duk da ƙorafin 'yan kwana-kwana cewa motocin suna tare musu hanya a wurin gobara. Wasu 'yan gari suka gano cewa idan ka ɗora mazubin roban nan na masu gyaran hanya a kan bonet sai motar ta sandare, suka mai da shi zanga-zanga. Ranar 2 ga Oktoban shekarar wani direba ya kaɗe wata mata ya wurga ta gaban motar Cruise, motar ta taka birki, sannan ta nemi gangarawa gefe da matar a ƙarƙashinta, ta ja ta kimanin mita 6. Kafin watan ya ƙare an dakatar da lasisin Cruise, a Disambar 2024 kuma General Motors ya yi watsi da harkar. An ƙona wata Waymo a unguwar 'yan Sin a Fabrairun 2024. A Agustan shekarar kuma mazauna wani bene suka kasa barci saboda motocin da ke taruwa a filin da ke ƙasansu suna yi wa juna ham da asuba, ba kowa a cikinsu. Wannan na ƙarshen an gyara shi a manhaja, kuma yawancin irin waɗannan kurakurai haka za a yi ta gyara su ɗaya bayan ɗaya.

Wanda manhaja ba za ta gyara ba shi ne lissafin fili. Bas guda tana kwashe mutanen da sai motoci talatin ko arba'in za su ɗauka, kuma cire direba bai rage tsawon mota ko da taku ɗaya ba. San Faransisko ta riga ta ji irin wannan alkawari. Da Uber da Lyft, kamfanonin kiran mota ta manhajar waya, suka zo an ce mutane za su bar motocinsu, hanya ta yi sauƙi. A 2018 hukumar sufuri ta gundumar ta fitar da bincike cewa kusan rabin ƙaruwar cunkoson da aka samu tsakanin 2010 da 2016 daga gare su ne, kuma an ga a birane da dama cewa wani kaso na fasinjojinsu da can bas suke shiga, ko keke, ko ƙafa. Duk abin da ya sauƙaƙa tafiya a mota yana ƙara yawan tafiya a mota. A Hiyuston an faɗaɗa babbar hanyar Katy a 2008, a wasu wurare har layi 26 idan aka haɗa da na gefe, cikin 'yan shekaru ta sake cika. (Da masu gina mana gadojin sama za su karanta labarin Katy kafin su sa hannu a kwangila ta gaba, da sun taimake mu.) To ina ga ranar da mutum zai iya barci a mota har ofis? Tafiyar awa biyu ba za ta dame shi ba, zai sayi gida can bayan gari inda fili ke da araha. Idan kuma motar tasa ce, me zai sa ya biya kuɗin fakin, alhali zai iya ce mata ta yi ta zagaya unguwa har ya fito?

Motocin ba sa ƙetare gada zuwa Oakland a lokacin, don haka da zan je can gaisuwa sai na kira mota mai direba. Ya ji ina waya da Hausa, yana jira na kashe ya juyo: "Alhaji, sannu da zuwa. Daga ina?" Ɗan zangon Kumasi ne, ya daɗe a ƙasar, da wannan motar yake biya wa ƙannensa makaranta yana kuma ɗaga gini a gida. Na tambaye shi fararen motocin. Ya ce cinikin cikin gari ya ja baya, musamman na dare. "Alhaji, ita ba ta da uwar da za ta aika wa kuɗi ƙarshen wata. Amma ka tambaye ta, wa ke naɗe keken gurgu ya sa a but? Wa ke riƙe hannun tsohuwa har bakin ƙofa?" Ya ce kuma kada in yarda cewa babu mutane a bayanta: akwai masu zama a ofis suna ba ta shawara idan ta rikice, akwai masu wanke ta, masu sa mata caji, sai dai ba su kai yawan direbobi ba. Ya yi shiru har muka hau gada, sannan ya ƙara da abin da ban zata ba. Ya ce hukumar garin ta taɓa sayar wa 'yan tasi lambar izinin aiki a kan dala dubu 250, da yawansu baƙin haure ne da suka ci bashi suka saya, sai masu manhaja irinsa suka shigo lambar ta zama ba ta da daraja. "Mu ma haka muka yi musu. Ba mu yi niyya ba, amma mun yi."

Wuraren da na fi jin daɗin San Faransisko kuwa duk labarinsu ɗaya. A bakin ruwa, a Embarcadero, da can wata hanya ce mai hawa biyu ta raba gari da teku. Girgizar ƙasa ta 1989 ta lalata ta, aka yi ta gardama, a 1991 aka fara rushe ta. Yau wurin bishiyoyi ne, da tsofaffin taragon lantarki, da kasuwar manoma a gaban ginin tashar jiragen ruwa, mutane suna zaune suna cin abinci a inda ginshiƙan kankare suke a da. A lambun Golden Gate an rufe titin JFK ga motoci a 2020, masu zaɓe suka tabbatar da rufewar a Nuwambar 2022. Na ga yara suna koyon keke a tsakiyar kwalta, iyayensu suna hira ba mai kallon baya. Ba kowa ke murna ba. Da aka mai da wani ɓangare na babbar hanyar bakin teku wurin shaƙatawa a 2025, mazauna unguwar da suka rasa hanyar zuwa aiki sun fusata har suka yi wa kansilansu kiranye. Faɗa ne na gaske, a kan wa zai sami fili wa zai rasa, kuma da ƙuri'a ake yin sa.

A titin Van Ness na shiga bas mai lamba 49. Tun Afrilun 2022 aka ware wa bas layi biyu a tsakiyar titin, aka yi musu jan launi. Motar a cike take: ɗalibai, wata tsohuwa 'yar Sin da keken cefanenta, ma'aikacin gini da hular kwano a cinya, wani a keken guragu da direbar ta sauko da kanta ta ɗaure wa bel. Muna tafiya a jan layin muna wuce jerin motocin da suka yi cirko-cirko a dama, a cikinsu har da farar Jaguar, da leza da rada da kyamarorinta duka, tana jiran ta gabanta ta motsa. Abin da ya sa muka wuce ta jan launi ne da dokar majalisa. A Niyu Yok ma hanyar da suka bi ke nan ta wata fuskar: tun 5 ga Janairun 2025 motar da za ta shiga tsakiyar Manhattan da rana tana biyan dala 9, kuɗin kuma na gyaran jiragen ƙasa da bas ne. Irin wannan haraji, musamman a kan motar da ke yawo wayam, shi nake ganin zai raba gardama a kan ko mota mara direba za ta zama mai kai mutum tashar jirgi ko mai kwashe wa jirgin fasinja.

Titin Market shi ne ƙashin bayan garin, kuma a Janairun 2020 aka hana motocin gida bin ɓangarensa na tsakiya, aka bar shi ga bas da tarago da tasi da kekuna, bayan shekaru ana kaɗe mutane a mararrabunsa. Na bi shi da ƙafa daga bakin ruwa zuwa kusa da fadar gari. Shaguna da yawa a rufe suke tun bayan annobar korona, ma'aikatan ofis ba su dawo duka ba, 'yan kasuwa kuma suna cewa rashin mota ne ya kashe musu ciniki. A Afrilun 2025 sabon magajin gari, Daniel Lurie, ya sanar cewa za a bar motocin Waymo su shiga titin don a farfaɗo da shi. Masu keke da masu shiga bas suka ce ba su yarda ba, ƙofar da aka buɗe wa wannan gobe za a buɗe wa wancan. A watan Yunin shekarar kuma hukumar bas ta garin, wadda ke hangen giɓin sama da dala miliyan 300 a kasafinta, ta gajarta wasu layukanta, bas ɗin da a da suke bin Market har ƙasa suka koma juyawa daga bakinsa.